Tsofaffin Ƙasar Sin da Likitan Cikin Waya

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a zauren taro. An taƙaita gaishe-gaishe, an kuma cire maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban zama, malamaina da ke nan gaba, iyayenmu, ɗalibai maza da mata, barkanmu da yamma. Na can baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana a kan tsofaffin ƙasar Sin da yadda suke neman bayanin lafiya a intanet. Bari in fara da lissafi, don sai an ji yawan mutanen ake gane nauyin maganar. A ƙidayar da Sin ta yi a 2020, masu shekara 60 zuwa sama sun kai miliyan 264, wato kashi 18.7 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Zuwa ƙarshen 2024 sun haura miliyan 310. Tsofaffin Sin kaɗai sun fi mutanen Najeriya gaba ɗaya yawa. Akwai cibiyar da ke ƙididdige masu amfani da intanet a can, CNNIC, tana fitar da rahoto sau biyu a shekara. Ta ce zuwa watan Disamba na 2021 tsofaffi miliyan 119 ne ke shiga intanet, kashi 43.2 cikin 100 na tsofaffin ke nan. A cikin rahoton akwai wani wuri da ya fi jan hankalina. An tambayi waɗannan da ke shiga intanet ɗin me suke iya yi da kansu ba tare da wani ya kama musu ba. Kusan kashi 70 suna iya nuna lambar lafiya ta lokacin korona, wadda ake nunawa a waya kafin a shiga wuri. Kashi 52 suna iya sayayya. Amma masu iya binciko wani bayani da kansu kashi 46 ne. Kun ga ke nan, fiye da rabin tsofaffin da aka ƙirga a matsayin 'yan intanet ba sa neman bayani. Bayani ne ke zuwa ya same su. Laccar tawa ta yau kusan duk a kan wannan take.

Amma tukuna, su waye waɗannan tsofaffin? Mu ɗauki macen da aka haifa a wani ƙauye a 1950. Tana shekara tara babbar yunwar nan ta 1959 zuwa 1961 ta faɗo, wadda ta ci miliyoyin rayuka. Tana shekara 16 aka fara juyin juya halin al'adu, 1966, makarantu suka watse, jarrabawar shiga jami'a ma ba a dawo da ita ba sai 1977. Likitan da ta sani tana budurwa shi ne wanda suke kira likita mara takalmi: manomi ne ɗan ƙauyensu da aka ba horo na 'yan watanni, yana yawo da jakarsa, ya san sunanta, ya san mahaifinta. Sai a 1985 aka soke wannan tsari a hukumance. Saboda haka a kanta, mai ba da shawarar lafiya mutum ne da ka sani, wanda yake zama ya saurare ka. Ku riƙe wannan.

Sai batun rubutu. Rubutun Sinanci ba baƙaƙe ba ne irin namu, alamomi ne dubbai. Matasa idan za su rubuta a waya, sai su buga lafazin kalmar da harufan boko, tsarin da ake kira pinyin wanda aka amince da shi a 1958, wayar ta kawo musu alamomi su zaɓa. Wanda bai yi makaranta sosai ba bai iya pinyin ba. Wanda kuma harshen gidansu na Kanton ne, ko na Shanghai, ko na Fujian, lafazinsa bai dace da na daidaitaccen Sinanci ba, sai wayar ta kawo masa wani abu daban. Ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 37 da ɗoriya da ba su iya karatu ba, kuma akasarinsu tsofaffi ne, musamman matan karkara. Abin da ya buɗe wa irin waɗannan ƙofa shi ne WeChat, da ya fito a 2011: ka danna ka riƙe, ka yi magana har minti ɗaya, ka saki. Daga baya bidiyo gajeru suka zo, Douyin da Kuaishou, waɗanda ko magana ba ka bukatar yi, yatsa kawai za ka ja sama.

Macen nan tamu ta 1950, wa ya sayo mata wayar? Ɗanta ko 'yarta. Kuma galibi yaron ba ya gida. Dokar haihuwar ɗa ɗaya ta yi aiki daga wajen 1980 har 2015, sannan mutanen karkara kusan miliyan 300 sun bar gona suna ƙwadago, da yawansu a birane masu nisa. Yaro zai zo hutun sabuwar shekara, ya kawo waya, ya saka mata WeChat, ya nuna mata sau ɗaya cikin gaggawa, bayan mako guda ya hau jirgin ƙasa ya koma. Ta rage ita da tsohonta da wayar.

Yanzu mu zo lokacin da abin ya fashe. A watan Fabrairu na 2020 birnin Hangzhou ya fito da lambar lafiya a cikin manhajar biyan kuɗi ta Alipay: kore ka wuce, rawaya ko ja ka tsaya. Cikin ɗan lokaci ta game ƙasa. Ba ka shiga mota, ba ka shiga kasuwa, ba ka shiga asibiti sai ka nuna. Tsohon da ba shi da babbar waya ya wayi gari kamar ba ɗan ƙasa ba. A watan Nuwamba na shekarar aka ga bidiyo biyu daga lardin Hubei da suka tayar da hankalin jama'a. A ɗaya, wata tsohuwa mai shekara 94 a garin Guangshui, 'yan uwanta sun ɗauko ta cak sun ɗaga ta a gaban na'urar banki don na'urar ta gane fuskarta a buɗe mata katin tallafinta. A ɗayan, wata tsohuwa a yankin Yichang ta taho cikin ruwan sama da kuɗinta a hannu za ta biya inshorar lafiya, aka ce mata ba a karɓar tsabar kuɗi, ta biya ta waya ko ta kira danginta. Ta zauna a gaban teburin ta yi shiru. A cikin watan nan majalisar gudanarwar ƙasar ta fitar da umarni: kada a ƙi karɓar tsabar kuɗi, asibitoci su bar tagar da mutum zai yanki kati da hannu, a yarda dangi su yi wa tsoho rajista, a karɓi takarda a madadin lambar waya. Ma'aikatar masana'antu da sadarwa ta bi baya, ta zaɓo shafuka 115 da manhajoji 43 a zagayen farko, ta ce a gyara su don tsofaffi: manyan baƙaƙe, manyan maɓallai, ban da tallan da ke faɗowa ya rufe fuskar waya. WeChat ya fito da nasa salon na tsofaffi a watan Satumba na 2021.

A gaskiya sun yi ƙoƙari, kuma sun yi sauri. Ba kowace gwamnati ce za ta ga bidiyo ta fitar da tsari cikin 'yan kwanaki ba, ko da dai ana shirya shi tun da farko. Amma me aka gyara? An gyara wa ido, an gyara wa yatsa. Tsohuwa yanzu tana iya karanta saƙon da kyau. In saƙon ƙarya ne, to tana karanta ƙaryar da manyan baƙaƙe. (Dariya)

A nan masu bincike suka shigo da ma'auninsu. Ɗalibai, wannan ɓangaren naku ne, ku rubuta. A 2006 wasu malamai biyu a Kanada, Cameron Norman da Harvey Skinner, suka tsara ma'auni mai tambaya takwas da ake kira eHEALS, don a gane ko mutum yana iya nemo bayanin lafiya a intanet, ya tantance shi, ya yi aiki da shi. An fassara shi zuwa Sinanci, kuma da shi ake yin mafi yawan binciken da za ku gani a kan tsofaffin Sin. Sakamakon da ake samu kusan iri ɗaya ne: na birni ya fi na ƙauye maki, mai ilimi ya fi mara ilimi, ɗan shekara 62 ya fi ɗan 78, mai kuɗin fansho mai kauri ya fi wanda ba shi da shi. Wannan ba abin mamaki ba ne. Tsohon ma'aikacin birni yana karɓar yuan 3,000, wato kuɗin Sin, ko fiye a wata, manomi kuwa abin da yake samu yuan 200 ne da 'yan kai.

Matsalata da ma'aunin ita ce yadda yake tambaya. Ba ya ba ka labarin ƙarya da na gaskiya ya ce ka bambance. Cewa yake yi: shin kana ganin ka iya bambance bayani mai inganci da mara inganci? Ka zaɓa daga ɗaya zuwa biyar. To, dattijon da ke tura wa jama'a saƙo goma kullum cewa tafarnuwa na kashe ciwon daji, me kuke jin zai zaɓa? Biyar zai zaɓa, da ƙarfinsa. Ita kuwa tsohuwar da ke shakkar kanta, wadda ba ta shan komai sai ta tambayi ma'aikaciyar asibitin unguwa, biyu za ta zaɓa. A takarda ya fi ta, alhali ta fi shi tsira. Abin da ake aunawa yarda da kai ne, kuma a wannan fage yarda da kai wani lokaci ita ce cutar. Duk wanda zai yi aikin digiri da wannan ma'auni, don Allah ya haɗa da gwaji na zahiri: ya miƙa wa mutum waya, ya ce nemo mini kaza, ya zauna ya kalla.

Gwamnati ma tana da nata awon. Tun 2008 ta fitar da jerin abubuwa 66 da take son kowane ɗan ƙasa ya sani game da lafiya, tana kuma yin jarrabawa a kansu. A 2008 kashi 6.48 ne suka ci, a 2020 kashi 23.15, a 2023 kashi 29.7. Ci gaba ne babba. Sai dai binciken yana ɗaukar 'yan shekara 15 zuwa 69 ne. Wanda ya kai 70, wanda ya fi kowa shan magani, ba ya cikin lissafin.

To, tunda mun ce bayani ne ke zuwa ya same su, ta ina yake shigowa? Ƙofa ta farko zauren iyali ne na WeChat, da zauren tsofaffin abokan aiki, da na matan da suke rawar motsa jiki tare a dandali da yamma. Saƙon yana zuwa daga hannun ƙanwarka ko aminiyarka ta shekara arba'in, da take irin su "Ka tura wa wanda kake ƙauna" ko "Ka karanta kafin a goge". Ba ka tantance saƙon, mai aikowa ka riga ka tantance tun tuni. Ƙofa ta biyu bidiyo ne. Ka tsaya ka kalli guda ɗaya a kan ciwon gwiwa har ƙarshe, manhajar ta gane ka, gobe ta kawo maka ashirin. Mutum sanye da farar riga, ga kwalabe a bayansa, yana magana a natse. Tsoho bai san cewa wayar maƙwabcinsa wani abu daban take nunawa ba. Gani yake duk duniya maganar da ake yi ke nan.

Kuma ƙasar tana da daɗaɗɗiyar al'ada ta kula da jiki ta hanyar abinci: wannan abinci mai zafi ne, wancan mai sanyi, a sha ruwan ɗumi, a jiƙa ƙafa da dare, a yi tafiya bayan cin abinci. Yawancin wannan ba ya cutar da kowa, wani ma yana da amfani, kuma ni ba na cikin masu yi masa dariya. Inda hatsarin yake shi ne Sin tana da masu hawan jini kusan miliyan 245 bisa wani babban binciken ƙasa, da masu ciwon sukari wajen miliyan 140. Waɗannan cututtuka ne da ake shan maganinsu kullum har ƙarshen rai, kuma babu wanda ke son jin haka. Duk wanda ya zo ya ce maka ga abin da za ka sha wata uku ka rabu da ƙwayar asibiti, ya faɗa maka abin da zuciyarka ke so. Kuɗin da aka yi asara ana iya mayarwa. Wanda ya ajiye maganin hawan jini ya samu shanyewar ɓarin jiki, wannan ba ya dawowa.

Kada kuma ku ɗauka waya ce ta ƙirƙiro wannan. A 2010 an yi wani mutum, Zhang Wuben, tsohon ma'aikacin masaƙa da ya rikiɗe ya zama masanin abinci a talabijin. Ya ce wani ƙaramin koren wake da suke dafawa, da ɗanyen yalo, suna maganin kusan komai. Jama'a suka yi ca, farashin waken ya tashi, kafin a gano takardunsa na bogi ne a rufe wurinsa. A 2017 aka tona asirin wata tsohuwa mai suna Liu Hongbin da ke fitowa a tallan magani a tashoshi daban-daban. A wannan tasha ita ce magajiyar maganin ƙabilar Miao, a waccan ƙwararriyar maganin Mongoliya ce, a wata kuma farfesa ce daga babban birni. Mace ɗaya, kaya kawai take sauyawa. Idan kun tuna mai maganin nan da ke ajiye mota a bakin kasuwa ya ɗaura lasifika, kwalba ɗaya tana maganin basir da shawara da sanyin ƙashi, to shi ne dai, sai dai na can ya samu lasifikar da ke shiga aljihun kowa har cikin ɗakin kwana.

Yadda suke kama tsofaffi abin nazari ne, don sun fi mu masana lafiya sanin halin ɗan Adam. Da ƙwai ake farawa. A tsaya a bakin kasuwar kayan miya da safe, a ce Baba zo ka karɓi ƙwai kyauta, sharaɗin kawai ka bari a saka ka a wani zaure na WeChat. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A zauren, kullum da safe akwai darasin lafiya kai tsaye, ka kalla har ƙarshe, ka amsa tambaya, a jefo maka 'yan kwabbai a waya. Mako biyu, uku, ba a sayar maka da komai ba. Akwai yarinya ko saurayi da aka ɗora a kanka, yana kiranka Baba, yana kiranta Mama, yana tambayar yaya gwiwar, kin ci abinci, yau an yi sanyi ki saka riga mai kauri. Ɗanta na cikinta yana kira sau ɗaya a mako, minti biyar, rabinsu faɗa ne. Ranar da aka fito da kwalin magani na yuan dubbai, wa kuke jin za ta saurara? Kuma tunda a rufaffen zaure ake yi, ana gamawa a goge bidiyon, hukuma ba ta gani, 'ya'ya ba sa gani.

Hukuma ta yi yunƙuri. A ranar 25 ga Disamba 2018 wani dandalin likitoci mai suna Dingxiang ya wallafa bincike a kan kamfanin Quanjian na birnin Tianjin, mai sayar da kayan ƙarin lafiya da wani gashi da wuta da suke kira magani. Abin ya girgiza ƙasa, aka kama shugaban kamfanin, Shu Yuhui, a watan Janairu na 2020 aka yanke masa shekara tara. An yi gangamin kwana 100 na tsaftace kasuwar. Kayan ƙarin lafiya da aka yi wa rajista suna ɗauke da wata alama mai kama da shuɗiyar hula, kuma daga farkon 2020 dole a rubuta a jikin kwalin cewa wannan ba magani ba ne, ba ya maye gurbin magani, rubutun ya cinye aƙalla kashi 20 cikin 100 na fuskar kwalin. A 2022 aka sake yin wani gangami na wata shida a kan masu damfarar tsofaffi. An kama mutane da yawa. Ƙwan dai ana ci gaba da rabawa.

Yanzu ga inda nake so mu yi wa tsofaffin nan adalci. Shawarar da muke bayarwa kullum ita ce a nemi majiya mai tushe. To, wace ce? A 2016 wani ɗalibin jami'a mai shekara 21, Wei Zexi, yana fama da wani ciwon daji da ba a cika gani ba. Ɗalibin kwamfuta ne fa, ba tsohon ƙauye ba. Ya bincika a Baidu, babbar manhajar binciken ƙasar, ta kawo masa wani asibiti a Beijing a sahun gaba, bai san kuɗi aka biya aka sa shi a wurin ba. Iyayensa suka kashe wajen yuan 200,000 a kan maganin da ba a tabbatar da amfaninsa ba. Ya rasu a watan Afrilu na shekarar, bayan ya rubuta labarinsa jama'a sun karanta. Sai bayan haka aka tilasta wa Baidu rage talla da bayyana shi a fili. A daren 31 ga Janairu 2020 kuma, kafofin yaɗa labarai na gwamnati da kansu suka ba da labarin cewa wasu cibiyoyin bincike biyu, ɗaya a Shanghai ɗaya a Wuhan, sun gano wani ruwan maganin gargajiya mai suna Shuanghuanglian yana danne ƙwayar korona. Mutane suka fito cikin dare, a tsakiyar annoba, suka yi layi a kantunan magani. Kafin gari ya waye ya ƙare. Gwaji ne na ɗakin bincike kawai, washegari aka fito ana cewa dannewa a kwalba ba warkarwa ba ce. A ɗaya gefen, wani likita a Guangzhou, Tan Qindong, ya rubuta cewa wata giyar magani da ake tallatawa tsofaffi tana da hatsari, 'yan sanda suka taso daga Mongoliya ta Gida, wani yanki a arewacin Sin, suka tafi da shi, ya yi kusan wata uku a tsare a 2018. Dingxiang ɗin nan da ya tona Quanjian, shi ma an dakatar da shafukansa na wani lokaci a watan Agusta na 2022. Tsoho yana kallon duk wannan. Idan ya ce shi ya fi yarda da ƙanwarsa, ba wauta ce zalla ba.

Tsoro kuma ba ya tambayar ƙasa. A watan Maris na 2011, bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, jita-jita ta bazu a Sin cewa gishiri mai aidin yana kare mutum daga tururin nukiliya, aka wawashe gishiri a kantuna. Bayan shekara uku, a watan Agusta na 2014, mu ma nan aka tashe mu da asuba a waya aka ce a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola. Na ga wasu suna sunkuyar da kai. (Dariya) Mu bar shi a nan.

Inda aka biya farashi mai tsada shi ne rigakafin korona. A ƙarshen Nuwamba na 2022, hukumar lafiya ta ƙasar ta ce a cikin masu shekara 80 zuwa sama, kimanin kashi 40 ne kawai suka karɓi allurar ƙari. Dalilan suna da yawa. Da farko an fara yi wa masu ƙarfin aiki ne, aka bar tsofaffi a baya, wasu likitocin ma suna ce wa mai hawan jini ko sukari ya dakata tukuna. Wannan shakka ta samu gindin zama a zaurukan waya. Sai a watan Disamba aka ɗage matakan kulle kusan lokaci guda, cutar ta ratsa ƙasa cikin makonni, maganin zazzaɓi ya yi wuyar samu, har gwangwanin 'ya'yan itace aka riƙa wawaso saboda an ce yana taimakawa. Tsofaffi ne suka fi cika asibitoci.

To, 'ya'ya fa? Masana a can suna yawan magana a kan yadda ilimi ya juya, yaro ke koyar da iyaye. Wajen koyar da danna waya abin yana tafiya, musamman idan jika ne, don jika ya fi ɗa haƙuri, kaka kuma ba ta jin kunyar tambayarsa sau goma. Wajen gyara kuskure ne ake samun karo. Uba ya tura saƙo a zauren iyali, ɗa ya maido masa da mahaɗin shafin ƙaryata jita-jita a gaban kawunnai da gwaggwanni. Irin waɗannan shafuka suna nan, gwamnati ta buɗe nata a 2018, kamfanin Tencent ma yana da nasa. Amma a al'adar da girman uba yake da nauyi, ka ƙaryata shi a bainar dangi, ka ci masa fuska ne. Jaridun can sun sha ba da labarin matasan da aka kora daga zauren iyali saboda haka. Kuma sau da yawa saƙon da uban ya turo, cewa kada a sha ruwan sanyi, hanyarsa ce ta cewa ina tunaninka. Ya miƙo ƙauna, an mayar masa da gyara. Gobe ba zai turo ba, kuma ranar da zai sayi kwalin nan ba zai yi shawara da kai ba.

Kada in bar ku da baƙin labari kaɗai. An buɗe asibitin intanet a garin Wuzhen a ƙarshen 2015, yanzu irinsa sun kai dubbai. Dokar 2018 ta ce ba a ganin sabon majiyyaci ta intanet, sai wanda likita ya riga ya gani ido da ido, kuma wannan hikima ce. Ga mai ciwon sukari da ke ƙauye, sabunta takardar magani ta waya a kawo masa har gida ya fi masa kwana a mota. Babban binciken nan na jami'ar Peking da ke bin mutane 'yan shekara 45 zuwa sama tun 2011, CHARLS, an yi nazarce-nazarce da yawa da alƙalumansa, kuma galibi suna nuna tsofaffin da ke amfani da intanet sun fi ƙarancin damuwa da kaɗaici. Sai dai a yi hattara: mai lafiyar ido da ƙwaƙwalwa da kuɗi shi ne tun farko ya fi iya riƙe waya. Sannan wata sabuwar sana'a ta ɓullo a manyan birane, ta masu rakiyar asibiti. Ɗa yana wani gari, sai ya biya wani ya raka mahaifiyarsa, ya yankar mata kati a na'ura, ya bi layi, ya saurari likita, ya turo masa bayani. Asibitin ya zama na zamani har sai an yi hayar ɗa na wucin gadi kafin a ratsa shi.

A ganina abin da ya fi alfanu shi ne ajin da tsoho ke koyar da tsoho. Sin tana da jami'o'in tsofaffi tun 1983 da aka buɗe ta farko a lardin Shandong, a 2023 kuma aka kafa ta ƙasa baki ɗaya, kuma darasin wayar hannu yana cikin masu cika da wuri. Gemu ba ya hana ilimi. Idan mai koyarwar sa'arki ce, ita ma an taɓa cin kuɗinta, ta faɗa da bakinta ana dariya, babu wanda ya ji kunya. Idan aka haɗa ajin da ma'aikaciyar asibitin unguwa wadda za a iya aika wa saƙon murya a ce 'yata, duba mini wannan gaskiya ne, to an mayar wa tsohuwar nan da likitanta mara takalmi ta wata hanya. Matsalar ita ce irin wannan ya fi yawa a birni, kuma yana cin lokacin ma'aikata da tuni aiki ya yi musu yawa.

Ranka ya daɗe yana nuna mini agogo. Tambaya ɗaya? To, Hajiya, bismillah.

(Wata daga cikin mahalarta ta yi tambaya a kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa tambaya su ba da amsa.)

Na gode, Hajiya. Tun da DeepSeek ya yi tashe a farkon 2025, mutane da yawa a can, har da masu shekaru, sun fara ɗaukar hoton sakamakon gwajinsu suna tura masa. Dalilin a bayyane yake: likitan babban asibiti yana ganin mutane da yawa a wuni, minti kaɗan zai ba ki, ita kuwa manhajar ba ta gajiya, ba ta tsawa, ko ƙarfe biyun dare ne za ta amsa. Ta wani gefen ta fi bidiyon mai farar riga, don ba kwali take son sayar miki ba. Amma tana yin kuskure da murya ɗaya da wadda take faɗin gaskiya, kuma ba ta taɓa jikinki ba. Dokar Sin ta 2022 ta hana na'ura ta rubuta takardar magani da kanta, dole likita ne zai rubuta, lardin Hunan ma ya sake jaddada haka a 2025. Dokar ta tsaya a ƙofar asibiti da kantin magani. Abin da tsohuwa ta tambayi wayarta a ɗaki, da abin da ta yanke bayan ta ji amsa, wannan yana hannunta. Ga wani malami can ya ɗaga hannu, Malam ka yi haƙuri, mu haɗu a waje bayan sallah. Wassalamu alaikum.